Ƙera Ƙananan Itatuwa: Wasa Ne Ko Ilmi?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata magana da ta taso a taron iyaye da malamai na zangon da ya wuce, wadda har yanzu ba ta kwanta ba. An kawo shawara cewa a soke awa biyun nan na yammacin Laraba da a ke ba ƙungiyoyi, a mai da su darasin ƙari saboda jarrabawa. Da a ke ba da misalin ɓata lokaci kuwa, ba a ambaci 'yan ƙwallo ba, ba a ambaci 'yan wasan kwaikwayo ba, sai mu 'yan Ƙungiyar Aikin Hannu. Wani uba ya ce ya aiko ɗansa makaranta don ya zama injiniya, ya zo ya tarar da shi zaune yana murɗa waya yana liƙa soso, wai shi a dole bishiya ya ke yi. Ya ce in don wannan ne, ai da ya bar shi a gida yana ƙera motar kara.

An yi dariya, ni ma da aka ba ni labari na yi. Na kuma san abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Amma ina roƙon a yi mini haƙuri in faɗi abin da yaron ya gani da ya tsaya a gindin rimin, don ni ne na murɗa yawancin wayoyin nan.

Ga waɗanda ba su zo ranar baje koli ba, abin da muka yi shi ne samfurin ƙauye a kan falanki mai faɗin tebur biyu: gidaje, masallaci, rijiya, kasuwa, gonaki da hanyar mota, kowanne an rage girmansa bisa ma'auni ɗaya. Gidajen ba su ba mu wahala ba, gama gida kusurwa ne da miƙaƙƙen layi, mai rula da reza da kwali zai yi shi. Itatuwa su ne suka kusa raba kan ƙungiyarmu. Wasu suka ce a tara kuɗi a sayo irin na roba da a ke kawowa daga waje, a kafa a huta. Mu kuwa muka ce a'a, mu ƙera namu. Ra'ayina shi ne mu muka yi daidai, kuma wannan ƙirar ita ce mafi amfani a cikin dukan aikin.

Da farko ya kamata a san cewa ba mu muka ƙago abin ba, kuma inda ya fi ƙarfi ba yara ke yinsa ba. Sana'a ce da ta girma a ƙasashen Turai tare da sha'awar ƙananan jiragen ƙasa. Mutum zai shimfiɗa ɗan layin dogo a ɗakinsa, sa'an nan ya ga jirgi ba ya kyau a kan katako tsirara, sai ya shiga yi masa tudu da kwari, da gada, da daji. A birnin Hamburg na ƙasar Jamus akwai wani gida da a ke kira Miniatur Wunderland, wanda waɗansu tagwaye, Frederik da Gerrit Braun, suka buɗe a 2001. Kome na cikinsa an rage shi sau 87, kuma ƙananan itatuwan da ke ciki sun haura 100,000. Mutane na biyan kuɗi su yi layi don su kalla.

Amma wanda ya fi shiga raina cikin hotunan da malaminmu ya nuna mana shi ne wani ƙaramin gidan tarihi mai suna Pendon, a ƙauyen Long Wittenham da ke lardin Oxford a Ingila. Wanda ya kafa shi, Roye England, mutumin Ostareliya ne. Ya zo Ingila a 1925 yana saurayi, ya ga tsofaffin gidajen ƙauye masu jinka ana rushe su ko ana sake musu kama, abin ya dame shi. Sai ya riƙa hawa keke yana bin ƙauyuka, yana aunawa, yana ɗaukar hoto, yana rubutawa, don ya ƙera su ƙanana yadda su ke kafin su ɓace. An buɗe gidan a 1954, shi kuma ya rasu a 1995, waɗansu suka ci gaba da aikin. Ma'auninsu milimita 4 a madadin ƙafa ɗaya, watau an rage kome sau 76, kuma abin da su ke nunawa shi ne karkarar wannan yanki kamar yadda ta ke a tsakanin 1920 da 1940.

To, ga abin lura. A wancan zamani karkarar Ingila cike ta ke da wata doguwar bishiya da su ke kira elm. Daga ƙarshen shekarun 1960 wata cuta, wadda wani ɗan ƙwaro ke ɗauka daga itace zuwa itace, ta kashe fiye da miliyan 25 daga cikinsu. Fuskar ƙasar ta sake ɗungum. Yau duk mai son ya ƙera karkarar wancan lokaci tilas ya koma ga tsofaffin hotuna da awon da na da suka bari. Ashe mutumin da ya tsaya yana auna abin da kowa ke wucewa ba wasa ya ke yi ba. Mu ma nan unguwa nawa ce a ke kira da sunan rimi, ko kuka, ko tsamiya, alhali kuwa in ka je neman itacen sai dai a nuna maka shago?

Yanzu bari in shiga yadda a ke aikin, don mai karatu ya yanke hukunci da kansa ko akwai ilmi a ciki.

Abu na fari shi ne ma'auni. Mu mun zaɓi mafi sauƙi: santimita ɗaya a kan falanki ya tsaya a madadin mita ɗaya a fili. Saboda haka ɗaki mai tsawon mita 4 ya zama santimita 4, mutum kuwa bai cika santimita 2 ba. Ba mu ƙera mutane ba, tsinken ashana muka yanka daidai wannan tsawo muna gwadawa da shi. To, itace fa, nawa ne tsawonsa? Da aka yi tambayar nan a ƙungiya, wani ya ce tsamiyar bakin ɗakin cin abinci mita 6 ce, wani ya ce 30. Dukanmu kullum sai mun wuce ta sau uku, amma babu wanda ya sani. Sai muka fita da safe muka kafa sanda mai tsawon mita ɗaya, muka auna inuwarta, ta ba mu santimita 80. Nan take muka auna inuwar tsamiyar, ta ba mu mita 12. In aka raba 12 da 0.8 sai a sami 15. Tsamiyarmu mita 15 ce, watau a kan falanki za ta kai santimita 15, kusan ninki huɗu na ɗakin da ke kusa da ita. Wannan lissafi na alwatika masu kama da juna mun yi shi a aji, na kuma ci shi a jarrabawa, amma wallahi sai ran nan na gane abin da a ke nufi da shi.

Nan ne kuma asirin itatuwan roba ya fara tonuwa. Waɗanda wani ɗan ƙungiya ya kawo mana gwaji ba su wuce santimita 6 ba, ga su kore shar kamar an tsoma a fenti, ga tsini a sama irin na ƙasashen sanyi. Da muka kafa ɗaya kusa da masallaci sai ya zama kamar an dasa tsintsiya. Ko a Turai ɗin, a ma'aunin nan na sau 87, itace mai mita 20 santimita 23 ya ke kamawa, amma sau da yawa na sayarwa ba su kai haka ba, domin ido ya saba raina tsawon itace.

Abu na biyu shi ne ƙashin bishiyar. A kan sami tsohuwar wayar wuta, a feɗe robar da reza, a fito da siraran silin jan ƙarfen da ke ciki. Na ce tsohuwa, kada gobe a wayi gari babu wuta a ɗakin kwana a ce ni na koyar. Kada kuma a ƙona robar don sauri, hayaƙinta guba ne, kuma wuta na sa silin ya yi laushi ƙwarai. A ɗebi sili kamar 50, a daidaita tsawonsu, a kama da filaya a murɗa wajen ƙasa ya zama gangar jiki. Ɗan abin da ya rage a ƙasa a baza shi ya zama saiwoyi, a bar 'yan ƙalilan a tsaye don sokawa cikin falanki. Daga sama kuma a raba damin gida biyu ko uku, a murɗa kowanne, a sake rabawa, a sake murɗawa, har a kai ga sili ɗaya ɗaya, su ne ƙananan rassa.

Akwai wata hikima a nan wadda ta ba ni mamaki. Tun da ba a ƙara sili ko ragewa, kaurin rassan duka in aka haɗa daidai ya ke da kaurin gangar jikin. Shekaru fiye da 500 da suka wuce wani masani ɗan Italiya, Leonardo da Vinci, ya lura cewa haka yawancin itatuwa na gaske su ke. Shi ya sa bishiyar waya ta kan fito da kama ko a hannun ɗan koyo. Amma kuka ba ta bin wannan ƙa'ida. Ita gindinta rumbun ruwa ne, rassanta kuwa gajeru, kamar an tumɓuke ta an kifa. Sai da na naɗe gindin da tsumma da gam har ya yi kaurin santimita 3 kafin ta yarda ta zama kuka.

Kowace da halinta. Goruba ita ce mafi sauƙi, don tana rabuwa biyu biyu, kamar da gangan aka yi ta don mai murɗa waya. Giginya sanda ɗaya ce miƙaƙƙiya, amma in ka manta kumburin nan da ta ke yi a can sama, to, ba giginya ka yi ba, falwaya ka yi. Ganyenta da na goruba da takarda mu ke yankawa kamar mafici. Rimi sai an yi masa fukafukan nan na gindi da kwali, a kuma shimfiɗa rassansa a kwance, hawa hawa. Ɗorawa faɗi ta ke yi kamar laima.

Na uku ɓawo. A tankaɗe garin katako da rariya, a kwaɓa da farin gam irin na kafintoci da ɗan ruwa, a shafa da buroshi sau biyu ko uku har murɗin wayar ya ɓace. Kafin ya bushe sarai a bi shi da allura a ja masa tsaga, in mai kaushi ne kamar tsamiya ko kaɗanya. In kuka ce kuwa a shafe da jiƙaƙƙen yatsa ta yi santsi. Sa'an nan fenti. Tun muna firamare mun saba in an ce a zana bishiya sai mu ɗauki ruwan ƙasa mu shafa wa gindi. Ina roƙon mai karatu ya ajiye mujallar nan ya leƙa waje. Zai ga yawancin itatuwa toka-toka ne, wani da duhu, wani da haske, wani da ɗan ja-ja a cikin tsaga. Shekara goma sha bakwai ina kallon itatuwa ban san haka ba.

Na huɗu ganye, kuma nan ne a ke cin riba ko a faɗi. A tsefe zaren soson wanka ko na igiyar rama ya yi shara-shara, a ɗora a kan rassa. A sami tsohon soson katifa a goge shi ya zama gari, a raba uku a rina da kore mai duhu, da matsakaici, da mai haske, a shanya. A tsinka gam da ruwa a fesa, a barbaɗa mai duhu daga ƙasa da ciki, mai haske daga sama inda rana ke bugu. Kuskuren kowane ɗan koyo, har da ni, shi ne cikawa. Bishiyata ta fari ta fito kamar curin fura da aka soka a tsinke. Malam ya ɗaga ta ya duba ta wajen taga, ya ce, "Ta ina tsuntsu zai shiga?" Tun daga ran nan, in ban hango haske ta cikin bishiya ba na san ban gama ba, ko kuwa na wuce gona da iri.

Duk wannan da na zayyana hannu ne, kuma hannu na koyuwa cikin mako kaɗan. Abin da ya sa na ce a bar mana Larabarmu wani abu ne da ya faru ranar baje kolin.

Mun shirya ƙauyenmu a kan damina ce. Mun yi gero da zaren tsintsiya rinanne, ya yi tsawo ya fid da kai. A tsakiyar gonar na kafa gawo guda uku waɗanda na fi alfahari da su, na cika su da ganye luf. Jama'a na wucewa suna yabawa. Can sai ga wani tsoho, kakan wani ɗan aji ɗaya, ya zo ya dogara sandarsa ya daɗe yana kallo. Ya nuna ya ce wannan kuka ce, wannan rimi, wannan goruba, bai kuskure ko ɗaya ba, ni kuwa kaina na ta ƙara girma. Sa'an nan ya dube ni ya ce, "Jikana, wane wata ne a garin nan naku?"

Na ce, "Baba, tsakiyar damina ce, ga gero nan ya fid da kai."

Ya ce, "To, gawon nan naku na wace ƙasa ne?"

Ban gane ba sai da ya yi mini bayani, mutane na tsaye suna ji. Gawo saɓanin sauran itatuwa ya ke. Da ruwa ya sauka sai ya kaɗe ganyensa ya tsaya fari fat, sai damina ta wuce ya sake tohowa, ya yi rani a kore. Dalilin da ya sa manomi ba ya sare shi daga gona ke nan: ba ya tare wa shuka rana, ganyen da ya zubar taki ne, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne a lokacin da ciyawa ta ƙare. Watau gero da kai da gawo da ganye ba su haɗuwa a wata ɗaya. Ni na auna gawona cikin watan Fabrairu, na kwafe shi yadda na gan shi, na kai shi watan Agusta.

Kunya ta kama ni ƙwarai, ban ɓoye ba. Amma a duba abin da kyau. Da itatuwan roba muka kafa, da tsohon nan ya wuce bai ce kome ba, don ba za su yi kama da wani abu da ya sani ba balle ya ga kuskure. Sai da bishiyar ta yi kama da gawo sa'an nan ta isa a ce mata ta yi ƙarya. Ni ɗan manomi ne, jikan manomi, ina aji biyar ina haddace sunayen dazuzzukan duniya don jarrabawar labarin ƙasa, amma ban san halin itacen da ke gonar mahaifina ba. Da na koma gida hutu na tambaye shi, ya yi mamakin cewa akwai mai buƙatar a gaya masa wannan.

Daga baya malamin tarihi ya ƙara mana wani. Ya ce in muka tashi ƙera gari irin na zamanin Shehu, kada mu kuskura mu jera dogon yaro a bakin hanya, gama asalinsa daga wajen Indiya ya ke, kuma sai wajen 1928 aka fara dasa shi a Borno, daga nan ya bazu. Ashe bishiya ma tana da kwanan wata.

Ban ce maganar iyayenmu ba ta da tushe ba. Aikin na cin lokaci. Bishiya ɗaya mai kyau ta kan ci mini Laraba biyu, kuma a makon baje koli na yi sakaci da aikin gida har aka kira ni ofis, wannan laifina ne. Gaskiya ne kuma babu takardar jarrabawa mai suna ƙera bishiya. Amma maganin wanda ya wuce iyaka shi ne a tsayar masa da iyaka, ba a rushe ƙungiya ba. Game da kuɗi kuwa, ban da gam da fenti babu abin da muka saya, sauran duk daga juji da shagon kafinta suka fito. Uban da ke son ɗansa ya zama injiniya, ina tuna masa da ladabi cewa ɗaliban zanen gine-gine a jami'a, irin su Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da kwali da reza su ke ƙera samfurin gini su kai gaban malamansu, kuma ko da kwamfuta ta zo ba ta kori wannan ba. Wanda ya iya rage mita 15 zuwa santimita 15 ba tare da ya rikice ba, ya riga ya taka matakin farko. Motar karan ma da aka ambata don raini, yaron da ya ƙera ta sai da ya tsaya ya dubi mota.

Abin da mu ke roƙo a wurin shugaban makaranta da kwamitin iyaye shi ne a bar awa biyun nan yadda su ke, in ya so a sa sharaɗi cewa duk wanda ya faɗi a gwajin wata a dakatar da shi daga ƙungiya har ya gyara. Mun yarda da wannan, mun ma rubuta mun sa hannu.

Gawon nan uku na riga na kankare musu ganye na sake musu fenti, suna nan a ɗakin zane ga mai son gani. Zango mai zuwa muna so mu auna dukan manyan itatuwan da ke cikin makaranta, mu rubuta tsawo da kauri da watan da kowanne ke zubar da ganye, mu fara da rimin bayan ɗakin girki wanda a ke cewa za a sare don faɗaɗa gini. Duk ɗalibin da zai dawo daga hutu, in ya sami tsohuwar waya ko yagaggen soson katifa a gida, ya taho mana da su. Wanda kuma ke da kaka a raye, ya tambayo mana ita watan da ɗorawa ke fure a garinsu.